Muryar Baba Mele a Kwamfutar Ɗansa

Daga Roni har Babura babu wanda ya yi wa harshen Barebari hidima kamar Muhammad Nur Mele. Shi da kansa ya ba da wannan shaida, kuma ba a samu wanda ya musa ba, don yawancin mutane ba su san ana yi ba.

A Kazaure aka haife shi, ɗan wani mai sayar da kanwa da ya zo daga gabas. Ya yi boko, ya koyi rubuta manhaja, ya samu aiki a wani ofis inda ake nemansa duk ranar da firinta ta ƙi. Mahaifinsa, Baba Mele, da ƙarfi ya ƙare ya zauna a gida, burinsa guda ne: kafin ya bar duniya jikokinsa su gaishe shi da harshen iyayensa. Yaran kuwa Hausa kaɗai suke ji.

Muhammad Nur bai ɗauki maganar da wasa ba. Ya zaunar da tsohon ya naɗi muryarsa, gaisuwa da sunayen dangi da addu'ar matafiyi. Ya rubuta manhajar da yaro zai danna ya ji kakansa. Sai dai rubutu ba ya shiga waya haka nan. Dole a bi da shi ta injin harhaɗawa, wata manhaja da ke tattara shi ta dunƙule shi ya zama abin da waya za ta buɗe. Injuna biyu ne a gabansa, tsoho da sabo, kuma a nan aikin ya yada zango.

Abokinsa Silvanus, malamin kwamfuta a wata sakandare, ɗan gani-kashe-nin tsohon inji ne. Kullum da la'asar sakaliya suna gindin darbejiya.

"Injiniya," in ji Silvanus, "sabon nan naka kafin ya ɗora tukunya sai ya aika Turai a kawo masa gishiri. Je ka gwada shi a ƙauyen Gwiwa, inda sai ka hau dutse sabis yake ganinka."

"Malam Silba, naka fa? Umarninsa kai kaɗai ka iya karantawa. Ranar da ka koma garinku wa zai gaje shi?"

"Amma yana gama aiki."

"A kwamfutarka yake gamawa. A tawa kuka yake yi."

Kowannensu yana da gaskiya, shi ya sa gardamar ta yi tsawon rai. Da damina Muhammad Nur ya koma tsohon inji. Da kaka ya dawo sabo. Sabon ya sabunta kansa ya daina gane abin da aka rubuta masa bara.

Lokaci-lokaci Baba Mele kan tambaya, "Nuru, maganar tawa ta fito?"

"Ta kusa, Baba. Kayan aikin nake tantancewa."

"To, Allah ya taimaka."

Su kuwa yara an hana su damun tsohon, saboda yana buƙatar hutu. Uban nasu ya kuma yi musu bayani cewa koyo ba tsari yana ɓata lafazi, su jira manhaja.

Baba Mele ya rasu wata Juma'a da hantsi. Silvanus ya zo ta'aziyya, ya zauna a bakin tabarma. Bayan an share makoki ya karɓi kwamfutar ya tafi da ita, ya dawo da manhaja ta fito. Muhammad Nur bai tambaye shi da wane inji ya yi ba, shi ma bai faɗa ba. Wannan ne karon farko da suka yi shiru a kan batun.

Ummi Kulsum, babbar jikar marigayin, ita ta fara dannawa. Muryar tsohon ta fito tar, ta ce, "Wushe." Yarinyar ta durƙusa ta mayar wa wayar gaisuwar kamar yadda ta ji ta, lafazinta babu laifi.

Ɗakin da Baba Mele ya yi shekarun nan a cikinsa yana kallon ɗakin yaran ne. Igiyar shanya ce kawai a tsakaninsu.