Shekarar da Aka Hana Sayar da Mai a Jarka

A rediyo muka fara jin dokar, ni da Yayana, muna zaune a ƙofar gidansa a Dutsin-Ma bayan sallar La'asar. Mai karanta labarai ya jero abubuwan da gwamnatin jiha ta hana saboda tsaro: cin kasuwar dabbobi, ɗauko itace daga daji a mota, goyon mutum biyu a mashin, da sayar da fetur a jarka. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya rage murya ya ce, "Madalla. Da ma tuntuni aka yi haka."

Yana da dalilinsa. A daminar da ta gabata ɓarayin daji sun shiga ƙauyenmu na asali, can wajen Tamawa, suka kore shanun kawunmu, suka harbe ɗansa da ya bi bayansu. Yaya ne ya yi wa gawar wanka. Kowa ya san da mashin suke zuwa, kowa kuma ya san akwai masu kai musu mai cikin daji. Saboda haka ni ma na ce madalla.

Ni malamin firamare ne. Yaya kuwa manomin rani ne, yana da lambu a bakin dam, inda yake shuka tumatir da tattasai da 'yar albasa. Ya girme ni da shekara goma sha biyar, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da kuɗin tumatir ɗin nan ya sa ni a makaranta. Bai iya karatun boko ba, amma tun ranar da na fara koyarwa bai sake kiran sunana ba, sai dai Malam.

Ba mu gane abin da dokar ta ƙunsa gare mu ba sai da ruwan sama ya ɗauke, Yaya ya yi dashe. Lambunsa na kan tudu, da ɗan nisa daga ruwa, sai da inji ake kai ruwan. Ya ɗauki jarkarsa kamar yadda ya saba, ya tafi gidan mai. Mai zuba man ya san shi shekara da shekaru, amma ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na zuba maka, rufe mu za a yi."

Sai ya koma ɗaure injin a bayan mashin da igiyar roba, ya kai shi gidan mai a cika masa tanki. Tankin injin kuwa ɗan ƙarami ne, bai wuce aikin awa biyu ba. Gidajen man da aka bari suna sayarwa kaɗan ne, layi kuma ya yi tsawo. Yakan fita bayan sallar Asuba, ba zai samu ba sai hantsi ya dubi ludayi, ya koma lambu ya kunna, kafin ruwa ya kai rabin fangalan shukar injin ya yi tari ya mutu. Wata rana har Kurfi yake zuwa da injin a goye, don an ce layin can ya fi sauƙi.

Daga baya ya koyi abin da sauran manoma ke yi: a cika tankin mashin, a je lambu a sa tiyo a zuƙo man da baki. Ranar da ya fara, man ya wuce masa maƙogwaro. Kwana biyu yana amai, komai ya ci sai ya ce fetur yake ji. Matarsa ta yi ta ba shi madara da man ja.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a hanyar lambu. Ya rage ɗan mai a gorar ruwa, ya sa a aljihun rigarsa don ya ƙarasa fangalan albasa. A shingen bincike aka tare shi, aka ga gorar. Jami'an tsaro suka zubar da man a ƙasa a gabansa, suka zaunar da shi a rana, ana tambayarsa wa yake kai wa. Sai da mai unguwa ya zo ya shaide shi aka sake shi. Da na je gidansa da yamma na same shi zaune bai ko cire hula ba. Ya ce, "Malam, ni aka ce ma infoma. Ni da na wanke yaron nan da hannuna."



A makon nan manoman bakin dam suka taru, suka ce a rubuta wa ɗan majalisarmu takarda. Lokacin an yanke sabis ɗin waya a yankinmu, babu halin kira. Da yake ni ne ƙanin ɗayansu mai biro, aka ɗora mini rubutun. Roƙonmu ɗaya ne: a yi wa manoman rani katin shaida da sa hannun mai unguwa, a bar kowa ya sayi galan guda a rana. Na rubuta da Hausa, na sake rubutawa da Turanci, na kai aka buga.

Ɗan majalisar nan ba baƙo ba ne gare mu, kuma ba zan ce mugu ne ba. Ba ya cikin masu ɓacewa bayan zaɓe. Shi ya gyara mana rijiyar burtsatse a unguwa, motarsa ta sha kai masu naƙuda asibiti a Katsina, kuma da wuya a yi rasuwa bai zo gaisuwa ba. Muka ji zai zo gida ran Asabar don rabon kayan tallafi. Yaya ya sa farar rigarsa ta Juma'a, muka tafi.

An kafa rumfuna, an jera kujeru, lasifika na tashi. An raba wa mata kekunan ɗinki, an ba matasa kayan aski da na gyaran waya. Sai aka ce saura manoma. Aka fara sauke kwalaye daga bayan wata mota, mai sanarwa ya ce injinan ban-ruwa ne sababbi. Manoman da ke kusa da mu suka kalli juna. Wani dattijo a bayana ya yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba.

Sunan Yaya na cikin jerin waɗanda za a ba. Ya tashi ya je, aka ɗora masa kwalin a hannu, aka ɗauki hoto, aka tafa. Ya dawo ya ajiye shi tsakanin ƙafafunsa. Na ce, "Yaya, barka." Ya ce, "To, yanzu sun zama biyu masu jin ƙishi."

Bayan an watse muka bi ɗan majalisar zuwa gidansa. Mun daɗe a layi, don masu buƙata sun cika ƙofar: mai takardar asibiti, mai neman wa ɗansa aiki, wata tsohuwa da rufin ɗakinta ya faɗi. Da aka zo kanmu, ya miƙa wa Yaya hannu biyu, ya ce, "Alhaji, ka samu naka?" Yaya bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba. Ya ce, "Na samu, Honarabul. Allah shi saka. Amma ga ƙanena, ya zo da takarda."

Na karanta masa a tsaye.  Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardar, ya ninke, ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Malam, ba zan ɓoye muku ba, ina cikin waɗanda suka goyi bayan dokar nan. An kira mu, an nuna mana yadda mai ke shiga daji, na ce a yi. Injinan nan kuwa tun kafin dokar na yi odarsu, sai yanzu suka iso."

Yaya ya ce, "Mu ma mun so dokar, ranka shi daɗe. Amma tumatir ya fara fure. In ya kwana uku bai sha ba, furen zubewa zai yi."

"Na sani. Ni ma ɗan manomi ne."

"To mi za a yi muna?"

Ɗan majalisar ya shafa fuskarsa. Ya ce, "Zan kai maganar zauren majalisa. Amma ku gane, ni mutum ɗaya ne. Kuma in na tsaya na ce a buɗe jarka, gobe aka kai hari wani ƙauye, ni za a nuna. Katin da kuke cewa, sai jami'an tsaro sun yarda, su kuwa ba ni ke ba su umarni ba."

"Kamar kwana nawa?" in ji Yaya.

"Wallahi ban sani ba, Alhaji."

Na tuna yadda ya faɗi haka, a hankali, yana kallon tabarma. Na zo da shirin yin gardama da shi, na tanadi maganganu tun a hanya, duk suka tsere mini. Da ya yi mana tsawa ko ya yi mana ƙarya, da na san yadda zan yi fushi. Muka yi godiya muka fito. Yaya ya ɗaure sabon injin a mashin, na hau baya ina tallafe da kwalin.

Ya cika alkawari, ya kai maganar. Bayan kamar mako biyu na ji muryarsa a rediyo yana bayani a kan manoman rani, har ya karanta wani layi daga takardata. Na ji daɗi, na ruga na gaya wa Yaya. Aka ce an miƙa batun ga kwamiti ya duba.

Kafin nan mun koma bokiti, don man da ake samu ba ya isa. Ina tashi daga makaranta sai in tuɓe rigar aiki in nufi lambu. Ni da Yaya da matarsa muna ɗebo ruwa daga dam, mu hau tudu, mu zuba, mu koma. Ƙasar tana shanye bokiti guda kafin ka juya baya. A kwana na huɗu tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, har alli ba na iya riƙewa sosai. Yaya ya tsaya a tsakiyar lambun ya duba gabas ya duba yamma, ya ce mu bar na saman tudu, mu ceci na kusa da ruwa. Shi da kansa ya ja layi da ƙafa a ƙasa. Duk abin da ke bayan layin muka daina ba shi ruwa.

Kowace rana sai mun ratsa ta cikin waɗanda muka bari. Da farko ganyen ya lanƙwashe, sai furen ya zube, sai karan ya yi ruwan ƙasa. Yaya ba ya kallonsu, kansa a sunkuye yake wucewa da bokitinsa. Wata rana na ga ya tsaya ya zuba wa wani gindi ɗaya sauran ruwan da ke hannunsa, alhali ya riga ya mutu. Na yi kamar ban gani ba.

Abin da muka ceto bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ya ishi miya a gida, aka kai 'yan kwanduna kasuwa, shi ke nan. An sassauta dokar daga baya, bayan an gama cire tumatir. Ko takardarmu ta taimaka, ko lokacinta ne ya yi, ban sani ba. Haka kuma ban san rai nawa dokar ta tsare ba. An ɗan samu sauƙin hare-hare na wasu watanni, sannan suka dawo.

Yaya ya haura shekara hamsin bai taɓa fita cin rani ba. A ranin da ya biyo baya ya ba wani maƙwabcinsa aron lambun, ya bi wata motar hatsi zuwa kudu, inda wani ɗan garinmu ya samo masa gadi a wurin sayar da katako. Na raka shi tasha. Ya ce in riƙa leƙa gidan, in kuma tabbatar 'yarsa ta ƙarshe ba ta fasa zuwa makaranta ba. Na ce masa lambun fa, yanzu ai ana sayar da mai. Ya ce, "Malam, jikina ya mutu da shi. Bari in huta tukuna."

Na sake haɗuwa da ɗan majalisar a wurin wata ta'aziyya a Kurfi. Ban zaci zai gane ni ba, sai ga shi ya kama hannuna bayan an shafa addu'a. Ya ce, "Malam mai takarda. Ina Alhaji? Yaya lambu?"

Na ce, "Yana kudu, ranka ya daɗe. Gadi yake yi."

Bai saki hannuna ba. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai wani mutum ya matso da takardar asibiti, ya durƙusa a gabansa. Ya sake ni, ya ce in gaishe da Yaya in mun yi waya. Na ce zai ji.

Na isar da gaisuwar ran Juma'a. Yaya ya ce yana amsawa, ya tambaye ni ko an fara ruwa a gida. Na ce an yi sau ɗaya, bai kai na shuka ba.