Malam Tajuddeen da Ajin da Kowa Ke Gudu

Kafin rana ta fito, Malam Tajuddeen Hussaini ya riga ya isa tashar Bungudu, jakar takardu a hammata, yana jiran motar Gusau ta cika. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan jira. Gwiwoyi sun fara yi masa gardama, murya ta dushe, don zauren da yake koyar da lissafi yana ɗaukar ɗalibai ɗari uku da ɗoriya, lasifikar kuwa tun da ta mutu ko ta'aziyyarta ba a yi ba.

Ajin 'yan shekarar farko ne, wanda malaman kwalejin ke gudu. Da mutum ya samu ƙarin girma sai ya tura wa na ƙasa da shi. Shi bai taɓa turawa ba, ƙarin girman ma bai cika leƙo shi ba, tunda lokacin da wasu ke rubuta maƙala shi yana duƙe yana gyaran aikin ɗalibai.

Makon farko ba ya koyar da komai. Gwaji yake ba su, ya hana kowa rubuta suna, don ya ga gaskiyar abin da suka zo da shi ba tare da wani ya ji kunya ba. Da yawansu daga ƙauyukan da rashin zaman lafiya ya sha rufe musu makaranta suke. Inda ya tarar da su nan yake farawa, ko da rabawa ce ta firamare. Sannan ya kasa su goma-goma, ya ce gayya za a yi, irin ta noma.

"Wanda yaƙ ƙare kuyyatai shi juyo shi tarbi na baya," haka yake ce musu. "Ba mai barin gona sai an ƙare."

Abokan aiki suna yi masa ba'a wai ya mai da kwaleji firamare. Ya daɗe da daina ba su amsa, ba don haƙuri ba, gajiya ce kawai.

Waɗanda ke ofishinsu ba su manta da Shafa'atu ba, wata mai 'ya'ya uku daga 'Yandoto, da ta shigo da takardar barin karatu bayan ta faɗi gwaji biyu. Ta ce kanta ba ya ɗaukar lissafi. Bai karɓi takardar ba. Ya tambaye ta, idan tiya biyu ta gero na isar mutum goma sha biyu, tiya nawa za ta jiƙa ranar suna in an ce mutum casa'in na tafe. Bai rufe baki ba ta ce sha biyar. Ya miƙa mata alli ya ce ta je ta nuna wa ajin yadda ta yi. Yau Shafa'atu na koyar da lissafi a Tsafe.

Kai ne jirgin fito, Malam, ka haye da dubbai kai kana nan bakin gaɓa. Kai ne ka koya wa ɗalibi cewa "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. Mun gode, Allah Ya saka maka da mafificin alheri.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. A taron sashe da shugaba ya tambayi wanda zai karɓi ajin, kowa ya sunkuya yana latsa waya. Da aka koma maganar walimar ban kwana, Malam ya ɗaga hannu.

"Ni ba walima nika so ba. Ku ba ni sunan wanda zan miƙa ma yaran nan."

Har yau babu suna, ga sababbin ɗalibai saura mako uku su iso. Ya ce in ba a samu kowa ba, to zai ci gaba da zuwa haka nan, kuma duk wanda ya san shi ya san zai zo. Ku malaman da kuka zauna a ajinsa kuna ɗalibai, kun fi goma a kwalejin nan, kuma kun san yadda ake yi. Ɗayanku ya tashi ya karɓa, don Allah kada ku bar shi ya zo.