Injin Baba Manu da muryar Inna

Jama'a, saura kaɗan in haɗiye labarin nan, don na san za ku ce yawon duniya ya taɓa mini kai.

Muryar marigayiya Inna tana cikin tsohuwar kwamfutar Isiyaku mai shago a Yelwa, ba ta ko'ina kuma. Kwamfutar ba ta minti biyar sai ta ɗau zafi ta mutu, sai fa in injin casar shinkafar Baba Manu da ke bayan bango yana aiki. Isiyaku ya ce ƙarfen da ke janye zafi ne ya saki daga kan ƙwaƙwalwarta, girgizar injin ce ke zaunar da shi.

Yau da hantsi na je kwafar muryar. Ya ce, "Kawu, ka makara. Jiya aka kai Baba Manu makwancinsa, inji na kulle."

Na ce kunna dai.

Ta yi zafi kamar tanda. Sai tebur ya fara rawa, ruwan kofi na kaɗawa. Amma ba ƙarar inji ko kaɗan! Kwamfuta ta huce. Murya na gama kwafuwa, rawa ta tsaya.

Muka zagaya. Kwaɗo na nan a garƙame a ƙofar injin.

Isiyaku ya dube ni ya ce, "Kawu, Baba Manu ya san Inna ne?"