Ƙusar Lauratu

Lauratu taubashiyata ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kanta a nan ba ta da inda za ta kai ni ƙara. 'Yar ƙanin mahaifiyata ce, a Yammedi aka haife ta, aure ya kai ta Rogo. Tun muna yara ba a cin ribarta a ciniki. Ni kaina ta taɓa sayar mini da ƙuli-ƙulin da ni na ɗauko mata daga ɗakin kakarmu.

Ta fi shekara goma tana dillanci. Atamfa, kwanuka, zannuwan gado, duk abin da mace ta gaji da shi ko buƙata ta taso mata, Lauratu ce ke ƙullewa ta zaga da shi gida-gida. A wannan zagayen ta ga abin da mu maza ba mu taɓa gani ba, tunda ba ma shiga ɗakunan matan mutane: da wuya ka sami ɗakin da babu matacciyar waya a ciki. Wata a kwalla, wata ƙarƙashin katifa, wata an naɗe ta a tsumma an tura bayan jere. Ga rediyon da ya yi shiru, ga fitilar sola da ta daina kamawa.

Ta tambayi ƙaninta Muntaka, mai gyaran waya a bakin tasha, ko wannan tarkacen yana da kasuwa. Ya ce sosai ma. Akwai wani Alhaji Ɗanmaliki da ke zuwa daga Kano da motar kaya duk bayan sati biyu, yana sayen injin waya da na rediyo a kan sikeli.

Ta fara. Rediyo da fitila dai mata na miƙo mata har da godiya. Amma da ta ambaci waya sai a sauya magana, a tambaye ta lafiyar yara. Sai da wata amarya ta ja ta gefe.

"Yaya Lauratu, akwai hotona ba ɗankwali a ciki. Da saƙonnin da nake tura wa innata ina kuka."

"Ke, wayar da ta shekara biyu a mace?"

"An ce a Kano tayar da su ake yi."

Lauratu ta koma wajen Muntaka ta ce ya gaya mata tsakani da Allah. Ya ce gaskiya ne, wasu kan tashi, kuma su tashi da duk abin da suka sani. Ta ce to a ina waya take ajiye abin da ta gani? Ya kwance wata, ya nuna mata wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai farcen babban yatsa ba.

"In aka fasa wannan fa?"

"Shi ke nan, ko sunanta ba za ta tuna ba. Amma Yaya, kin kashe mata daraja. Alhaji ba zai saye ta a matsayin ta gyara ba, sai dai a kilo."

A ranar ta sayi ƙusa mai inci huɗu, da ƙaramar guduma, da sukundireba. Daga nan tsarinta ya zama ɗaya. Za ta zauna a tabarma a tsakar gida, ta kwance wayar a gaban mai ita, ta cire memori in akwai ta miƙa mata, ta ɗora injin a kan dutsen niƙa, ta saita ƙusa. Sannan ta ba matar gudumar ta ce, "Buga da hannunki." Na taɓa gani sau ɗaya a gidan yayata. Wallahi yadda yayar tawa ta sauke ajiyar zuciya bayan bugun nan, ka ce ƙaya aka cire mata.

Kuɗin da take biya kaɗan ne, kuma ba ta ɓoyewa. Amma da wannan kaɗan ɗin ta riƙe 'yarta Nuriyya a makarantar koyon aikin ungozoma.

Ana haka sai ga Sulle. Mutumin Karaye ne, mai fara'a, ya zo da babur da lasifika ɗaure a gaba, yana ratsa unguwa yana kiran a kawo tsohuwar waya. Shi ba ya fasa komai. Wadda za ta gyaru ya gyara ya sayar, sauran ya kai wa Ɗanmaliki lafiya lau, don haka yana iya biyan kusan ninkin abin da Lauratu ke biya. Maza suka koma wajensa kaf. Wasu har suka fara binciken ɗakunan matansu. Buhun Lauratu ya dawo rabi.

Ɗanmaliki kuwa ya tara su biyun ya ce man mota ya yi tsada, ba zai riƙa tsayawa ƙofa biyu a gari ɗaya ba. Zuwansa na farko bayan Babbar Sallah, wanda ya fi kaya shi zai riƙe, ɗayan ya nemi hanyarsa. Lauratu ba ta da wata hanyar. Mace ce da gida, ba za ta iya ɗaukar buhu zuwa Kano ba. In motar ta daina tsayawa a ƙofarta, sana'ar ta mutu, karatun Nuriyya kuma sai abin da Allah ya yi.

Na je na ba ta shawara irin ta malamin makaranta, wato wadda ba a tambaye ni ba.

"Taubashiya, ajiye ƙusar nan na wata biyu. Ki sayar da wayoyin lafiya, ki ƙara kuɗi, ki kamo Sulle."

"Malam, kai da ko akuya ba ka taɓa sayarwa ba a ba ka kuɗinta cif?"

"Ina maganar lissafi ne."

"To lissafa wannan. Matar da ta miƙo mini waya jiya don ta san zan fasa, gobe in ce mata me?"

Ba ta ƙara ko sisi ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ita da bakinta take gaya wa mata farashin Sulle. "Ya fi ni biya," take cewa. "In babu abin kunya a ciki, kai masa, kada ki cuci kanki."

Sati biyu kafin Sallah, tana wucewa ta inda 'yan acaɓa ke tsayawa a kasuwar Rogo, ta ji ana ta ƙyaƙyata dariya. Wani cikinsu, Sabi'u, ya sayi waya ta hannu wajen Sulle, ya tarar da murya a ciki. Wata mata ce ke kwaikwayon mijinta, yadda ya ga gafiya a rumbu ya haye katanga yana kiran a kawo sanda, har da yadda muryarsa ta siranta. An ce ta iya ƙwarai. Lauratu ta gane muryar nan take. Wata ce a Kwanyawa, mu kira ta Saude, ita ta ba ni izinin labarin amma ban da sunanta. Ƙanwarta ta yi wa saƙon, wayar ta mutu, mijin ya ɗauka ya sayar ba tare da ya san gafiyarsa na ciki ba.

Lauratu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma nuna ta san kowa ba. Ta taya wayar. Sabi'u ya ga ta matsu, ya tsuga kuɗi. Matar da ta sayar mini da ƙuli-ƙulina ta biya ba ta nemi ragi ba. Ta hau babur ɗin Sabi'un har Kwanyawa, ta sallame shi tun daga bakin gari don kada ya ga gidan, ta ƙarasa a ƙafa. Ta kwance wayar mai rai, wadda ke kira tana amsawa, ta ɗora a dutse, ta ba Saude guduma.

Muntaka ne ya tsegunta mini. Na ruga wajenta.

"Ga kasuwa Allah ya kawo miki har gida! Ki gaya wa mata abin da wayar Sulle ta yi."

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya zo da amsar da ba ita ba.

"In na yi talla da sirrin Saude, to me ƙusar ta fasa?"

Na tattara shawarata na koma gida.

Lauratu ba ta gaya wa kowa ba. Saude ce da kanta, ranar wani suna, ta kasa riƙewa ta faɗa wa mata biyu, ta ce kada su faɗa. Kafin a gama yanyanka naman layya, maganar ta kai Yammedi ta dawo. Mata suka fara aiko wa Lauratu. Wata tsohuwa daga rugar Fulani, Goggo, ta zo da wayoyi bakwai, nata da na surukanta, a ƙwarya an rufe da faifai kamar nono, ta ce ita za ta buga duka, kuma ta buga.

Ranar da Ɗanmaliki ya zo, da hantsi, ina wurin. Sulle ya kawo buhu ɗaya da rabi, kaya masu kyau. Na Lauratu sai da aka turo su a kura. Alhaji ya zura hannu ya ɗauko inji ɗaya, ya ɗaga shi sama, rana ta ɓullo ta tsakiyarsa. Ya ɗauko wani, haka. Wani, haka.

"Hajiya, wane irin ƙwaro ne ya bi kayan nan?"

"Alhaji, ƙwaron ne ya tattaro su. Ɗora a sikeli."

Ya ɗora. Ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce daga yau a ƙofarta motar za ta riƙa tsayawa.

Na ɗauka a nan za ta juya ta bar Sulle da lasifikarsa. Sai ta ce masa, "Malam Sulle, rediyo da talabijin da batirin sola ba su da sirri, kuma ni ba na iya ɗaukarsu. Ka ci gaba da tarawa, ranar mota ka kawo nan ƙofa a auna maka." Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce ya gode, har sau uku.

Bayan la'asar ina zaune da mijinta a zaure sai ga Sulle ya dawo, ba babur, ba lasifika. Ya gaishe mu, ya yi ta kewaye-kewaye a kan damina da farashin gyaɗa. Can ya zaro wata tsohuwar waya daga aljihu, fuskarta a fashe, ya ce a miƙa wa Hajiya.

Daga bayan labule ta ce, "Ka san dai farashina bai kai naka ba."

"Na sani, Hajiya," in ji Sulle. "A dai ba ni gudumar."