Ranar da Na Yi wa Baba Ƙaryar Ciwon Zuciya

Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu a firamare, ina tsugune a bakin famfon tsakar gidanmu na haya a unguwar Bracodi ina wanke kwanukan koko, sai na ga Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan Safiya ya ce, "Ɗiyata, wannan bayan Azahar za ki sha, kin ji?" Safiya 'yar ɗakin da ke kusa da ƙofar gida ce, sa'ata, ramammiya, mai fama da ciwon sikila. Ta ɗaga kai ta ce, "To, Baba." Ni kuwa na ci gaba da dirzar kwano ɗaya har soson ya yage a hannuna. Ni kaɗai Allah Ya ba wa mutumin nan, amma ban taɓa jin ya kira ni ɗiyarsa da wannan muryar ba. A ranar na fara sanin mene ne kishi.

Baba mai ba da magani ne a wani asibiti a unguwar Treichville, ƙetaren ruwa daga unguwarmu. A can aka haife shi, kakana ya zo daga Kano da fataucin goro ya zauna, ya sa ɗansa ɗaya a makarantar boko ta Faransanci duk da surutun 'yan uwa. Kullum da sassafe Baba zai goge takalminsa, ya naɗe farar rigar aikinsa a jaka, ya bi ayarin masu tsallaka gada. Da yamma ya dawo yana ƙamshin asibiti, ya zauna ya buɗe littattafaina. Da Faransanci yake yi mini magana, safe da yamma. Ya aikin gida, nawa kika ci a lissafi, me ya sa kika bar wasali a nan. Ko faɗa zai yi mini, da Faransanci ne. Inna tana kasuwar Adjamé tun safe a rumfar atamfa, yaran gidan kuma da Faransancin titi da Julanci, yaren kasuwar garin, muke tsallen igiya da 'yar ɓuya a bayan randunan ruwa. Haka na taso da 'yar Hausa gutsi-gutsi, wadda ta isa a aike ni sayen gawayi amma ba ta isa hira ba.

Ranar Asabar kuwa wani Baban daban nake gani. Tun da hantsi za a fito da dogon benci a ajiye a gindin katanga, mutane su fara shigowa: dattawa 'yan goro, masu tura amalanke a kasuwa, matan aure da goyo, malamin allo na layinmu. Kowa da takardar likita da ba ya iya karantawa, da ledar magungunan da ya sayo. Baba zai karɓi kwali ɗaya-ɗaya, ya juya shi, ya ciro alƙalami ya rubuta da ajami a jiki. Ba ya rubuta musu ƙarfe kaza. Da lokutan salla yake auna musu, wannan bayan Asuba, wannan bayan La'asar, wannan bayan Isha'i kuma sai an ci abinci. Yakan ce, "Agogo yana tsayawa, amma ladan ba ya mantawa." Suna kiransa Likita, yana cewa shi ba likita ba ne, ba wanda ya taɓa sauraronsa. Kuma duk da Hausa yake yi, wata Hausa mai laushi da ban san yana da ita ba. Yana tsokanar tsofaffi, yana tambayar jikoki da sunayensu, yana dariya har da buga cinya. Ni ina gefe da tsintsiya, rabin maganar ma ba na ganewa, ina jin kamar an shigo an kwashe mana kayan ɗaki ina kallo.

Duk cikinsu Safiya ce ta fi tsaya mini a rai. Ita ba ta layi. Da ta fito, Baba zai matsa ya ba ta wuri a kusa da shi, ya duba idanunta, ya matsa 'yan yatsunta, ya tambaye ta ko ta sha ruwa da yawa. Na daina saka ta a wasanmu. In ana raba ƙungiya sai in ce ai ita ba ta iya gudu. Har addu'a na taɓa yi, Allah Ya yafe mini, cewa ni ma a ba ni irin ciwonta ko da ɗan kaɗan ne. Na ga dai masu lafiya ba su da wuri a bencin nan, kuma ni ko mura ba ta cika kama ni ba.

Sai na yanke shawarar yin ƙarya. Mako guda ina shirya ta a hanyar makaranta. Na zaɓi tashin zuciya, don ba a ganinsa da ido kuma ba a yi masa allura. Abin da ya rage shi ne in faɗe shi da Hausa, domin da Hausa ake zama a benci. A Faransanci in mutum yana jin amai cewa yake yi yana da ciwo a zuciya, ni kuma na ɗauko maganar yadda take na juye ta. Asabar na zagayowa, benci ya cika, na ajiye tsintsiya na je na tsaya a gabansa na ce, "Baba, zuciyata tana ciwo."

Alƙalamin ya faɗi daga hannunsa. Ya jawo ni, ya kama wuyan hannuna yana kallon agogo, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun kwana uku, don abin ya yi nauyi. Ban san cewa ciwon zuciya ne ya kashe ƙanwarsa tana yarinya ba, sai daga baya Inna ta gaya mini. Ya miƙe ya ce wa mutane su yi haƙuri, ko rigar kirki bai tsaya sakawa ba. Ya saɓa ni a kafaɗa, ƙatuwa da ni, ya ratsa 'yan kasuwa da masu amalanke har bakin titi, ya tare tasi. Mu da ko ranar Sallah motar haya ta gama-gari muke shiga. A kan gada ya rungume ni a ƙirjinsa yana karanta addu'a a kaina, yana cewa, "Sannu, uwata. Sannu, 'yar Baba." Da Hausa. Ina jin bugun zuciyarsa ta cikin riga, ya fi nawa sauri. Gaskiya ita ce daɗi nake ji, ina kallon ruwa ta taga ina fatan gadar nan kada ta ƙare.

A asibiti kowa ya san shi, nan da nan aka shigar da mu wurin wata likita abokiyar aikinsa. Ta saurari ƙirjina gaba da baya, aka manna mini wayoyi, inji ya zana layuka a doguwar takarda. Ta duba ta ce ba ta ga komai ba. Sannan ta sunkuyo ta tambaye ni da Faransanci abin da nake ji daidai. Na amsa da Faransanci, kamar yadda na haddace, cewa amai nake ji. Ta kalli Baba, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har ta dafa tebur. Baba bai yi dariya ba. Ya zauna a kujera ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya daɗe a haka.

Na sa rai da duka, ko aƙalla faɗa. Sai ya kama hannuna muka fita, ya zaunar da ni a wurin wata mai soya ayaba a bakin titi, ya saya mini da yaji. Ya bar ni na cinye tas, wanda hakan kaɗai ya isa ya tona asirin mai jin amai. Sannan ya ce, "Tashin zuciya daban, ciwon zuciya daban. Ke kuma ba ki da ko ɗaya. Me kike so?" Na fashe da kuka na ce so nake in zauna a benci kamar Safiya, ya yi mini Hausa, ya rubuta mini ajami a kwali. Ya juya yana kallon motoci. Can ya ce, "Duk wanda kika gani a bencin nan, dole ce ta zaunar da shi. Takardar da ransa ke ciki ce ba ya iya karantawa. Ni ina yi miki Faransanci ne don kada ki taɓa zama a wurin." Na ji maganar, amma ban yarda da ita ba, domin har a lokacin bencin nake so.

Da muka koma gida bayan La'asar, kowa ya watse sai mutum biyu. Safiya tana kwance a cinyar uwarta, ciwon ya taso mata tun da rana, tana cije leɓe, suna jiran Likita. Baba ya saki hannuna tun daga ƙofa ya nufe ta. Ya sake fita neman tasi, ya sake tsallaka gadar da ita a kafaɗarsa. Kwananta biyar a asibiti. Kunya ta hana ni fita wasa duk makon, amma ba zan ɓoye ba, a ƙarƙashin kunyar akwai haushin cewa ita ma an ɗauke ta yadda aka ɗauke ni. Asabar ta gaba aka fito da benci kamar kullum, da yamma kuma Baba ya buɗe littafina ya tambaye ni aikin gida da Faransanci.

Burinsa ya cika. Na yi karatu, ba a taɓa karanta mini takardar likita ba, ni ce ma nake karanta wa surukaina. Hausar da nake rubutu da ita yanzu sai da na girma na nemo ta, a bakin dangin mijina da kuma littattafai, lokacin da Baba ya tsufa har hira ta fara yi masa wuya. An rushe gidan Bracodi an yi shaguna, jikokin 'yan goro kuma a waya suke duba bayanin magani. Da Baba ya rasu shekara uku da suka wuce, wurin zaman makoki ya cika har titi da mutanen da ban sani ba, kowa da abin da Likita ya taɓa gaya masa, da zolayar da ya yi masa, duk da Hausa. Ni da na laluba, yini ɗaya kacal na samu da ya yi mini Hausa. Safiya ta zo da 'ya'yanta biyu, ita da aka ce ba za ta kai aure ba. Ta riƙe ni tana kuka tana cewa, "Mun rasa Babanmu." Na rungume ta, na yi mata godiya, ina kuma ji kamar in ce mata Baban nan nawa ne ni kaɗai. Na haura arba'in yanzu, kuma har yau ban iya tarayya da kowa a kansa ba.