Bos ɗin da Ya Hau Jirgi

Washegarin Kirsimeti ne, shekarar da nake aji uku, Yaya Ishaku ya ja hannuna zuwa gidan kallon Oga Bitrus a bayan kasuwar Kafanchan. Rana tsaka ce, amma an toshe tagogi da buhuna, muna matse a benci, janareta na ta tari a waje. Ko jariri a ɗakin nan ya san ƙa'ida: ekta zai sha duka, amma a ƙarshe shi zai gama da bos. To ranar sai bos ɗin, wani dogo mai baƙar jaka, ya harbe ekta, ya goge takalminsa, ya hau jirgin ƙasa, ya leƙo ta taga yana kallonmu. Sai rubutu ya fara hawa.

Nan take ɗakin ya ɓarke. "Oga, ka yanke kaset!" Wasu na dukan benci, wata mata na faɗin "Yesu ka taimake mu!" Oga Bitrus ya mayar baya, aka sake gani, ekta dai bai tashi ba. A hanyar gida Yaya Ishaku ya ƙarasa ni: "Kin san dai ba jirgin da ba ya tsayawa a Kafanchan."

Ga shi ni ce ke ɗaukar wa Mama tiren dafaffiyar gyaɗa zuwa tasha. Washegari, don kar in je, na ce cikina na ciwo, aka ba ni jiƙo mai ɗaci, aka ɗora mini tire. Jirgi ya yi kuka, sai ga dogo da baƙar jaka ya sauko. "Ke, mai gyaɗa, zo!" Na watsar da tiren, ban tsaya ba sai ƙarƙashin teburin Mama. Ashe wani malamin makaranta ne daga Zangon Kataf. Shi ya tsince gyaɗar ya biyo ni.

Da ta ji dalilin guduna, Mama ta ɗaga hannu za ta mare ni. "Fim ne fa, wawiya!" Na ce, "Mama, ai ba su kama shi ba." Ta dube ni, ta sauke hannun, ta zaunar da ni gefenta har jirgin ya wuce.

Yanzu 'ya'yana kowa da wayarsa, mugu ya ci nasara su ce fim ya yi daɗi, ba mai dukan benci. Mu a lokacinmu, in mugu ya tsira, sai ɗaki guda ya tashi tsaye.