Doña Remigia, Mai Facin Ƙyallen Matsa

Kafin jiniyar safe ta yi kuka, Doña Remigia Calisaya ta riga ta hau tudu, ganyen koka da mutanen nan ke taunawa a kunci, basilla soke a hularta. Dutsen da ake haƙa a nan tsaunukan Peru matsiyaci ne, tagullar cikinsa ba ta taka kara ta karya ba. Sai an niƙa shi, an jiƙa da ruwa mai cin fata, sannan inji ya matse kunun tsakanin manyan ƙyallaye, ruwan ya wuce da tagulla, laka ta tsaya a bushe. Ƙyalle ɗaya ya huje, aiki ya lalace. Remigia ce ke wanke su, ta ɗaga wa rana, ta nemo huda ko da ta kai idon allura ce.

Daminar da hanya ta yanke, sababbin ƙyallaye suka maƙale a birni. Mai kula da aiki ya ce a kashe injin matsa, a riƙa zubar da lakar da ruwanta a bayan tudu. Bayan tudun nan kuwa rafinmu ne, ruwan dankalinmu da dabbobinmu. Remigia ta ce a ba ta tsofaffin da aka jefar. Ta yanka, ta haɗa, ta ɗinke, yatsunta na tsagewa. Fulgencio mai tuƙa injin ya tsokane ta, wai ta mayar musu da inji bargon tsohuwa.

Ta ce, "Compadre, aminina, kai da yagaggen wandonka ke dariya ta baya, zo ka riƙe min nan."

Ya riƙe. Injin bai tsaya ba har hanya ta buɗe, kuma a shekarar mun ci dankali har mun shanya.

Ke ce katangar rafinmu, Remigia. Ke ce kika tsaya tsakanin laka da tukunyarmu. Mun gode.

To, ga abin da ya ƙona min rai. A bikin shekara na wurin haƙar, bana an yayyafa wa inji giyar masara, an rataya masa furanni, an rataya wa duk mai ajiye aiki. Ita tana tsaye a gefe, wai ba ma'aikaciya ba ce, mai wanki ce. Ƙarfe ya sha ado, hannun da ya ciyar da shi ya koma gida haka nan. Ku ji kunya.

Ranar Lahadi matan gari za mu hau da namu furannin, da makaɗa, da naman gashi. Manya su fito su rataya mata da hannunsu. 'Yan mata kuma ku zo ku koyi ɗinkin tun idonta na gani. Fulgencio ya riga ya rantse ba zai taɓa makunnin injin ba sai ya gan ta cikin furanni har kunne. Da aka gaya mata, ta ce ya canza wando tukuna.